Kuɗin Makarantun Noma: Darasin Jami'o'in Baƙaƙen Fata Na Amurka Ga Kwarin Haɗeja

Ƙaramar Hukumar Kaugama da ke masarautar Haɗeja tana cikin wuraren da ake noma iri biyu a ƙasa ɗaya. A kan tudu ana shuka gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. A ɓangaren da ya gangara zuwa fadamar Kogin Haɗeja kuwa ana noman shinkafa, a bi da alkama da kayan lambu idan rani ya shigo. Amfanin waɗannan gonaki yana cikin abin da ke cika buhunan da ake saukewa a kasuwannin Gujungu da Haɗeja da Maigatari, daga nan ya zarce Dawanau a Kano, wani ma ya ƙetare teku.

Matsalolin manomin wannan yanki sanannu ne. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. A cikin duhunta ne tsuntsayen jan-baki ke hayayyafa, su dira kan shinkafa da gero dab da girbi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta shafe gonaki masu yawa a ƙananan hukumomin da ke bakin kogin. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana buƙatar amsa ta ilimi: wane irin shinkafa ne zai jure nutsewa na kwanaki, yaushe ya kamata a shuka alkama kafin sanyin hunturu ya wuce, wane magani ne zai tsare wake a rumbu ba tare da ya zama guba ba.

Cibiyoyin tarayya da aka ɗora wa nauyin binciken waɗannan amfanin gona suna da nisa. Ta shinkafa da riɗi tana Badeggi a Jihar Neja. Ta alkama da gero tana Maiduguri. Ta dawa da wake da gyaɗa tana Samaru a Zariya, ta kifi kuma tana Sabuwar Bussa. Makarantun gaba da sakandare da ke kusa da Kaugama su ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, wadda asalinta kwalejin aikin gona ce, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013. Dukkansu biyu mallakar gwamnatin jiha ne. Saboda haka yawan abin da jiha ke zuba musu, da yadda ake raba kuɗin tarayya tsakanin makarantu, magana ce da ta shafi farashin kwanon shinkafa a birni.

Akwai ƙasar da ta daɗe tana fama da irin wannan tambaya, har ta kai ga an zauna an yi lissafin giɓin da aka bari. Ƙasar ita ce Amurka, kuma abin da lissafin ya nuna ya cancanci a dube shi a Dutse da Abuja.

Makarantun da aka gina da fili

A ranar 2 ga Yulin 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Justin Morrill. Dokar ta ba kowace jiha filin gwamnatin tarayya, eka 30,000 a kan kowane wakili da jihar ke da shi a majalisar ƙasa, domin a sayar a kafa asusun da zai riƙe kwalejin koyar da noma da sana'o'in hannu. Manufar ita ce ɗan manomi da ɗan maƙeri su samu ilimi mai zurfi a kan abin da suke ci da shi. A 1887 aka ƙara wata doka da ta samar da kuɗin tashoshin gwajin iri da ƙasa, a 1914 kuma aka kawo ta malaman gona masu kai sakamakon bincike har gona. Koyarwa da bincike da wayar da kai suka zama duwatsun murhu uku na waɗannan jami'o'i.

Sai dai a jihohin kudancin ƙasar, inda aka yi bauta, ƙofofin waɗannan makarantu a rufe suke ga baƙar fata. Shi ya sa a 1890 aka yi doka ta biyu, wadda ta ce duk jihar da ke son kuɗin tarayya, ko dai ta karɓi ɗalibai ba tare da duban launin fata ba, ko kuma ta buɗe wa baƙaƙen fata tasu makarantar, a raba kuɗin bisa adalci. Jihohin kudu suka zaɓi rabuwa. Daga nan aka samu rukunin jami'o'in da a yau suka kai 19 a jihohi 18, cikinsu har da Alcorn a Mississippi, da Jami'ar Jihar Tennessee, da ta noma da fasaha ta Carolina ta Arewa, da Tuskegee a Alabama.

Waɗannan makarantu sun yi aiki da ɗan abin da suka samu. A Tuskegee ne George Washington Carver, wanda ya fara aiki a can a 1896, ya duƙufa wajen koya wa ƙananan manoma yadda za su farfaɗo da ƙasar da noman auduga ya gajiyar, ta hanyar shuka gyaɗa da wake da dankali. A 1906 makarantar ta fito da keken doki ɗauke da garma da iri da kayan gwaji, yana bin ƙauyuka ana koyarwa a bakin gona. Amma kuɗin bincike na 1887 da na malaman gona na 1914, jihohi sun riƙa bi da su ta hannun jami'o'in fararen fata. Sai a 1977 ne aka yi dokar da ta ware wa jami'o'in baƙaƙen fata kason bincike na dindindin, wato shekara 90 bayan takwarorinsu sun fara karɓa.

Giɓin da aka lissafa

Ko bayan an buɗe wannan ƙofa, wani shinge ya rage. Kuɗin bincike da na malaman gona suna zuwa da sharaɗi: duk dala ɗaya da tarayya ta bayar, jiha za ta ɗora dala ɗaya. Jihohi sukan cika wannan sharaɗi ga tsofaffin jami'o'in 1862, sau da yawa har da ƙari. Idan aka zo kan na 1890 sai hannu ya yi nauyi. Doka ta ba ministan noma damar yafe har rabin kason jiha, kuma shugabannin waɗannan jami'o'i sukan nemi yafiyar da kansu, domin idan ba su nema ba kuɗin tarayyar ma zai kuɓuce musu. Wani bincike da ƙungiyar jami'o'in gwamnati ta ƙasar ta fitar a 2013 ya gano cewa tsakanin 2010 da 2012, kashi 61 cikin 100 na jami'o'in 1890 ba su samu cikakken kason jihohinsu ba, abin da ya kai asarar kusan dala miliyan 57 a shekara uku kacal.

A ranar 18 ga Satumban 2023, ministan ilimi na lokacin, Miguel Cardona, da na noma, Tom Vilsack, suka aika wa gwamnoni 16 wasiƙu. Sun ɗauki abin da kowace jiha ta kashe a kan ɗalibi ɗaya a jami'arta ta 1862, suka kwatanta da abin da ta kashe a kan ɗalibi ɗaya a ta 1890, daga 1987 zuwa 2020. Jimillar bambancin ta haura dala biliyan 12. Jami'ar Jihar Tennessee ita kaɗai an ƙiyasta nata giɓin a dala biliyan 2.1, ta Carolina ta Arewa da ta Florida kowacce a wajen dala biliyan 2. Jihohi biyu ne kawai, Delaware da Ohio, aka samu sun raba daidai.

Wasu gwamnonin sun musanta lissafin. Hujjarsu ita ce babbar jami'a mai ɗimbin dakunan bincike da kwasa-kwasai masu tsada dole ta fi ƙarama cin kuɗi, don haka raba kuɗi a kan yawan ɗalibai bai nuna gaskiyar lamari ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana da amsa: dakunan binciken da ake kafa hujja da su, da kuɗin da aka fifita babbar jami'ar da shi shekara da shekaru aka gina su. Wanda aka ba jari ya yi riba, sai a dawo a ce ribarsa ce dalilin ƙara masa jari.

Inda aka je kotu, an daɗe. A Mississippi an shigar da ƙara a 1975, ba a sasanta ba sai 2002, a kan dala miliyan 503. A Maryland an fara shari'a a 2006, aka ƙare a 2021 da alƙawarin dala miliyan 577 ga jami'o'i huɗu cikin shekara goma. A Tennessee, binciken majalisar jihar da kanta a 2021 ya nuna bashin da ke kanta zai iya kaiwa dala miliyan 544, sai ta ware miliyan 250 a shekarar da ta biyo, aka keɓe shi ga gine-gine. Duk da haka a 2024 jami'ar ta faɗa matsalar kuɗi, majalisa ta rushe hukumar gudanarwarta bisa zargin sakaci da harkokin kuɗi, aka kuma sallami ma'aikata fiye da 100. Sakacin shugabanci da ƙarancin kuɗi na shekaru sun haɗu a wuri ɗaya, kowane ɓangare yana nuna wa ɗaya yatsa.

A 1920 baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 14 cikin 100 na manoman Amurka. A yau ba su kai kashi 2 ba. Dalilan suna da yawa, akwai ƙaura zuwa birane, akwai wariya wajen ba da rancen noma, wadda ita ma ta kai ga shari'a. Amma raunin makarantun da ya kamata su tsaya wa waɗannan manoma yana cikin labarin.

Igiyar da ta haɗa Samaru da Kansas

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Najeriya. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, an zana ta ne a kan wannan salo da taimakon Jami'ar Jihar Michigan. A Arewa, tashar binciken noma ta Samaru da ta faro a 1922 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa ta a 1962, kuma malamai daga Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin jami'o'in dokar 1862, sun taimaka wajen gina tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a shekarun 1960. Abin da aka so a samu shi ne murhun nan mai duwatsu uku: a koyar a aji, a gwada a gonar gwaji, malamin gona ya kai wa manomi. Kwalejojin aikin gona na Samaru da Kabba da Mando su ne suka riƙa yaye malaman gonar.

A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirye-shiryen bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya suka watsu zuwa dukkan jihohi. Tsohuwar Jihar Kano ta samu KNARDA, da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 ita ma ta kafa JARDA. A wancan zamani malamin gona a kan babur sananne ne a ƙauyuka. Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, nauyin ya dawo kan jihohi, kuma a mafi yawansu aikin ya yi sanyi: masu ritaya suka tafi ba a maye gurbinsu ba, babura suka lalace, gonakin gwaji suka zama saura. Abin da ya faru ya yi kama da na Amurka ta fuska ɗaya: muddin kuɗin waje na zuwa ana aiki, da aka zo kan kason jiha sai aka fara jan ƙafa.

Ƙofar da dokar 2011 ta rufe

Dole a faɗi bambancin a fili. A Najeriya babu dokar da ta taɓa raba makarantu bisa launin fata, kuma babu mai cewa an yi wa wata makaranta a Jigawa irin zaluncin da aka yi wa jikokin bayi a kudancin Amurka. Kamar da ke tsakani tana cikin hanyar da giɓi ke taruwa: doka ta fifita wani rukunin makarantu, kasafin kuɗi ya bi sawun dokar, shekaru su tafi babu wanda ya tara lissafi.

A nan rukunin da aka bari a baya shi ne kwalejojin aikin gona. A 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, wanda ke karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, kuma a farkonsa yana tallafa wa kowane mataki na ilimi. A 2011 aka sauya dokar, asusun ya zama TETFund, aka taƙaita shi ga rukuni uku: jami'o'i su ɗauki kaso biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha kaso ɗaya, kwalejojin ilimi kaso ɗaya. Makarantun da suka keɓanta ga fanni guda, irin su kwalejojin noma, suka tsinci kansu a waje. Shugabanninsu da ƙungiyoyin malamansu sun shafe shekaru suna kai kuka majalisar ƙasa a gyara wannan sashe.

Duk wanda ya shiga jami'ar jiha ko kwalejin ilimi a Arewa ya san ma'anar wannan. Mafi yawan sababbin dakunan karatu da na gwaje-gwaje suna ɗauke da tambarin TETFund, kuma malamai da dama da kuɗinsa suka yi digiri na biyu da na uku. Makarantar da ba ta cikin jerin masu cin gajiyar asusun, komai nata sai ta jira ma'aikatar kuɗi ta jiha. Doka irin wannan tana tura jihohi zuwa hanya ɗaya: a sauya wa kwalejin noma suna da matsayi ta zama kwalejin kimiyya da fasaha, domin ta cancanci shiga layi. Sauyin yana da amfaninsa, domin yakan kawo gine-gine da ƙarin ɗalibai. Haɗarinsa shi ne sashen noma ya koma ɗaya daga cikin sassa da yawa, yana gogayya da kwasa-kwasan da ba sa buƙatar tarakta ko garken shanu ko famfon ban-ruwa, waɗanda suka fi sauƙin gudanarwa kuma suka fi tara kuɗin makaranta.

Koyar da noma yana da tsada. Ana buƙatar man tarakta a daidai lokacin huɗa, da abincin dabbobi kowace safiya, da sinadaran gwajin ƙasa, da motar kai ɗalibai gona. Duk waɗannan suna cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda TETFund ba ya ɗauka, kuma wanda ya fi kowane layi saurin shan wuƙa idan aljihun gwamnati ya matse. Kuɗin da aka saki a watan Satumba domin gwajin da ya kamata a shuka a watan Yuni, a takarda an biya shi, a gona kuwa shekarar ta wuce.

Shi kansa asusun yana cikin sauyi. Harajin ilimi ya tashi zuwa kashi 3 cikin 100 a 2023, amma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun haɗe shi da wasu haraji a cikin harajin raya ƙasa na kashi 4, wanda TETFund zai riƙa raba shi da wasu hukumomi. A lokaci guda masu cin tuwon sai ƙaruwa suke yi. A Jigawa kaɗai, ban da makarantun jiha da ke Dutse da Gumel da Kazaure da Haɗeja da Kafin Hausa, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da kwalejin tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura. Jihar da ta jingina makarantunta da asusun Abuja ta jingina su da abin da ba ta da iko a kansa.

Batun kason jiha ma sananne ne ga duk ma'aikacin gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi na tarayya, kuma shekara da shekaru hukumar UBEC tana kokawa cewa biliyoyin naira na jibge saboda jihohi da dama ba su kawo nasu ba. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda asarar ke sauka

Ɗan kasuwar da ke ganin wannan magana ta malaman makaranta ce, ya tuna da wake. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wannan magani a rumbun manomi da shagon ɗan kasuwa ake zuba shi, kuma ana zuba shi ne saboda babu wanda ya zo ya nuna wata hanya, alhali akwai buhuna masu toshe iska da ke kashe ƙwari ba tare da guba ba. Riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ke kan gaba wajen nomansu, su ma masu saye a ƙetare suna gwada su kafin su karɓa. Kwantena ɗaya da aka dawo da ita takan karya jarin mutum, ta kuma ɓata sunan kasuwa gaba ɗaya.

Gwamnatoci sun zuba kuɗi masu yawa a kwarin Haɗeja. A watan Janairun 2023 tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ban-ruwa na kwarin a Auyo, mai faɗin hekta sama da 5,000, wanda aka gyara da rancen Bankin Duniya. A watan Nuwamba na shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a yankin Haɗeja, tare da Gwamna Umar Namadi da ministan noma Abubakar Kyari. Magudanar siminti da iri da taki duk kuɗi na iya sayensu a shekara ɗaya. Mutumin da zai auna gishirin da ke taruwa a ƙasar da ake yawan shayarwa, ya tsara rabon ruwa tsakanin gonaki, ya gane cutar alkama tun tana ganye ɗaya, shi kam sai an yi shekaru ana horar da shi, kuma ya fi amfani idan ɗan yankin ne da ya san fadamar ya kuma san mutanenta.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Darasi na farko daga Amurka shi ne lissafi. An shafe fiye da ƙarni ana ƙorafi, amma maganar ba ta yi nauyi ba sai da aka ajiye alƙaluma gefe da gefe. Jigawa tana cikin jihohin da ke wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi duk wata uku. Majalisar dokokin jihar tana iya neman a ƙara shafi ɗaya: ga kowace babbar makarantar jiha, nawa aka ware, nawa aka saki, a wane wata, ɗalibai nawa ne, kuma nawa ya tafi gonar gwaji da bincike. Idan rabon daidai yake, shafin zai wanke gwamnati. Idan akwai giɓi, gara a gan shi yana ɗan ƙarami.

Na biyu, a ba binciken noma layinsa na kansa a doka. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, aka kuma sabunta alƙawarin a Malabo a 2014. Mafi yawan abin da ake warewa yakan tafi ga taki da taraktoci, domin su ake gani a ranar rabo. Ware wani ƙayyadadden kaso na kasafin noma ga bincike da horar da malaman gona a Haɗeja da Kafin Hausa, tare da sharaɗin a sake shi kafin faɗuwar damina, zai fi kowane sabon gini tasiri.

Na uku, wakilan Jigawa a majalisar ƙasa, ciki har da mai wakiltar Malam Madori da Kaugama, suna da dalilin tsayawa a kan gyaran dokar TETFund domin ta karɓi kwalejojin noma, ko kuma a keɓe wa sassan noma kaso a cikin abin da ake bai wa kwalejojin kimiyya da fasaha. Jihohi irin su Kano, mai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta, abokan tafiya ne a wannan buƙata.

Na huɗu shi ne fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma al'adar waƙafi sananniya ce a ƙasar Hausa. Ana iya keɓe wa makarantun gonaki masu ruwa, ta hanyar yarjejeniya da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda amfaninsu zai riƙa komawa ga bincike. A nan ma akwai gargaɗi daga tarihin Amurka: filayen da aka raba a 1862, kusan eka miliyan 11, an karɓe su ne daga hannun ƙabilun asali na ƙasar, da yawa da ƙarfin bindiga. Makarantar da aka gina don manomi bai kamata ta fara da raba manomi da gonarsa ba.

Su ma makarantun akwai nauyi a kansu. Abin da ya faru a Tennessee ya nuna cewa makarantar da littafin kuɗinta ba ya tsabta tana ba masu hana ta kuɗi hujja da hannunta. Kuma duk mai neman ƙarin kaso sai ya nuna aikinsa: ƙauyuka nawa malamansa suka shiga a bana, wane gwaji aka yi a gonar wane, me aka gano game da kacala ko jan-baki, kuma an faɗa wa manoma da Hausa a rediyo ko an bar shi a mujallar da ba mai karantawa.

Mutanen Mississippi sun jira shekara 27 kafin a sasanta shari'arsu, kuma mutumin da ya shigar da ƙarar, Jake Ayers, bai ga ƙarshenta ba. Jami'ar Kafin Hausa ba ta daɗe da haura shekara goma ba, jihar kanta ba ta cika shekara arba'in ba. Giɓin da ke tsakanin abin da makarantun yankin Haɗeja ke buƙata da abin da suke samu, ko nawa ne shi, har yanzu ana iya cike shi a cikin kasafin kuɗi na yau da kullum, kuma wurin fara wannan aiki shi ne zauren majalisar dokoki da ke Dutse, ranar da za a gabatar da kasafin shekara mai zuwa.